Daga Frankfurt zuwa Munich a mota

Masu shirin wannan tafiya a ƙasar Jamus, ku bi Autobahn (babbar hanyar mota) mai lamba A3 ta Würzburg har Nürnberg, sannan ku hau mai lamba A9. Kusan kilomita 400 ne, awa huɗu idan hanya ta yi kyau. Ku guji yammacin Juma'a, cunkoso yakan ƙara muku awa guda ko fiye. Lahadi ta fi sauƙi, don an hana manyan motocin kaya tafiya har ƙarfe 10 na dare.

Ku cika tanki tun a cikin gari. Gidajen mai na bakin Autobahn suna tsawwala farashi. In ya zama dole, ku sauka ku nemi Autohof, wato wurin hutawa da shan mai da ke kusa da mafitar Autobahn. Mai ya ƙare muku a kan Autobahn kuwa, laifi ne, akwai tara.

Ku duba koriyar sitika ta Umweltplakette, mai nuna matsayin hayaƙin mota, a gilashin gaba, domin tsakiyar Frankfurt da ta Munich ba a shiga sai da ita, tarar Yuro 100 ce. Motocin haya galibi suna da ita.

In go-sulo ya tsaya, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar wa motar asibiti hanya. Kada ku wuce mota ta hannun dama. Lokacin ƙanƙara, sai da tayoyin hunturu masu alamar tsauni da ƙanƙara a jikinsu.