Masu aiki da ImageJ, ku bar kwamfuta ta yi muku maimaici

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga da yawanmu har yanzu hotunan madubin likita ɗaya bayan ɗaya muke buɗewa muna aunawa, ko da sun kai ɗari biyu. Wallahi wahalar nan ba dole ba ce.

A cikin ImageJ, wato manhajar nazarin hotuna, ko Fiji, wadda ita ma ImageJ ce da aka ƙara wa kayan aiki, ku shiga Plugins, sai Macros, sai Record. Ku yi aikin sau ɗaya a kan hoto guda kamar yadda kuka saba. Yawancin abin da kuka danna, manhajar za ta rubuta shi a matsayin umarni. Ku adana rubutun, sannan ku je Process, Batch, Macro, ku saka rubutun a ciki, ku nuna masa jakar hotunan da inda zai zuba sakamako. Shi ke nan.

Inda nake so ku kula shi ne in za ku rubuta umarnin da kanku da Python, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni. Nau'in Python da ke cikin Fiji Jython ne, a kan yaren Java yake gudana, kuma tsohon salon 2.7 yake bi. NumPy, wato kunshin kayan lissafi na Python, ba ya aiki a cikinsa. Na taɓa ɓata kwana biyu ina neman laifin rubutuna, ashe nan gizo ke saƙar. In kuna buƙatar NumPy, ku kira ImageJ daga Python 3 ta hanyar PyImageJ, kunshin da ke haɗa su biyun. In ba haka ba, yaren Groovy ya fi dacewa da Fiji a ganina.

Sai ku fara gwadawa da hotuna biyar, kuma a kan kwafi, don kada rubutun ya danne na asali.