Yadda Za a Girka Na'urar Sanyaya Ɗaki Ba Tare da Ta Cinye Kuɗin Mita Ba

A unguwannin Nima da Madina da Sabon Zongo na Akra, da zarar zafin Fabrairu zuwa Afrilu ya kama, ana yawan jin kuka cewa na'urar sanyaya ɗaki tana lamushe kuɗin da aka zuba a mitar ECG, kamfanin wutar lantarki na Gana, cikin 'yan kwanaki. Galibi laifin yana ga yadda aka girka ta tun ranar farko.

Wajen saye, a dubi takardar taurari ta Hukumar Makamashi ta Gana da ke manne a jikinta, domin yawan taurari yana nuna ƙarancin cin wuta, kuma tun 2008 doka ta hana shigo da tsofaffin na'urori. A daidaita ƙarfinta da girman ɗaki: wadda ta yi wa ɗaki yawa takan yi ta kunnawa tana kashewa ba tare da ta janye danshi ba, kuma danshi a Akra ba ƙarami ba ne.

Ranar girki kuwa, kada maigida ya bar wurin. Abu mafi muhimmanci shi ne mai aikin ya haɗa famfon zuƙe iska ya tsotse iska da laimar da ke cikin bututun jan ƙarfe kafin ya saki gas ɗin sanyaya. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ɗan saki gas ya yi feshi su ce an gama, alhali laimar da ta rage tana wahalar da kwampireso, wato injin da ke matse gas ɗin, ya ja wuta da yawa ya ba da sanyi kaɗan. A sa ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu a ga ko tana yoyo, a naɗe bututun da soso har ƙarshe, sannan a karkatar da bututun ruwa ƙasa don kada ya zubo a bango. Akwatin waje, wato ɓangaren na'urar da ake kafawa a wajen ɗaki, yana son inuwa da sarari, ba lungun da iska ba ta ratsawa ba.

Gas ba ya ƙarewa kamar man mota. Idan ya ragu, to akwai yoyo, kuma ƙara shi ba tare da an toshe ba asarar kuɗi ce.

A ciro ragar da ke tace ƙura a wanke duk mako biyu, musamman lokacin hunturu da hazo ke sauka. Mazauna kusa da teku, kamar Teshie da Nungua, su riƙa sa a wanke akwatin waje, saboda gishirin iska yana cin ƙarfe. Tagogi masu jerin gilashi, waɗanda suka cika gidajenmu, suna sakin sanyi ko an rufe su, don haka a toshe giɓinsu. A ajiye ma'auni a digiri 24 ko 25 maimakon 16, kuma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku kafin a kunna.