Kurakuran da masu neman gida a gefen Abuja suka fi yi

Tsadar haya a Wuse, Garki da Maitama ta sa yawancin ma'aikata neman muhalli a Kubwa, Lugbe, Karu da Mararaba. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya ƙare wa gida kallo, ya yaba tayil da fenti, ya biya dillali la'ada, alhali bai taka unguwar da ƙafarsa ba.

Mafi tsadar kurakuran shi ne duba gida da rani kaɗai. Filin da yake a bushe a watan Fabrairu yana iya zama hanyar ruwa a watan Agusta, kuma ambaliyar da ta shanye gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023 ta isa shaida. Wanda ba zai iya jiran damina ba, sai ya duba gindin katangar maƙwabta, domin ruwa yakan bar layin laka a daidai inda ya tsaya, ya kuma lura ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku, abin da ba a yi don ado. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. Mai shagon da ke bakin layi zai faɗi gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba, tunda ba shi da kaso a cinikin.

Sai batun takardu, wanda iyakokin jihohi suka dagula. Mararaba da Masaka suna Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla suna Jihar Neja, saboda haka ikon filayensu yana hannun gwamnonin jihohin bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. A cikin Babban Birnin Tarayya kuwa, dokar 1976 ta danƙa ƙasar baki ɗaya ga gwamnatin tarayya, don haka takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu ba ta zama shaidar mallaka, komai kyan hatiminta. Gyaran shi ne a sa lauya ya binciki fayil ɗin a ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, ko takwaransa NAGIS idan a Nasarawa ne, kafin kuɗi su bar hannu.

Mutane da yawa kuma sukan auna nisa ranar Lahadi, lokacin da hanya take wayam. Ya kamata a bi hanyar Nyanya zuwa Asokoro da safiyar Litinin, sannan a haɗa kuɗin mota na shekara da kuɗin haya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gida mai araha a nesa yakan cinye rarar da ake zaton an samu.

Ruwa da wuta ma ba a ɗaukar maganarsu daga bakin mai gida. Yawan kurar 'yan garuwa a layi alama ce cewa famfo ba ya zuwa. A tambayi rukunin wutar unguwar, wato ajin da kamfanin lantarki ya sa ta bisa yawan awoyin da take samun wuta, tunda an ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi sosai a watan Afrilun 2024, a kuma tabbatar cewa gidan yana da mitarsa, babu tsohon bashi a kanta. Daga nan sai a koma unguwar bayan isha'i, a ga ko akwai 'yan sintiri, ko ana kulle ƙofar layi da ƙarfe nawa, da kuma asibitin da za a iya kai mai naƙuda da tsakar dare.