Yadda ake gane ma'anar da ake nufi da kalmar cleave

Kuskuren da nake yawan gani wajen ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC shi ne su buɗe ƙamus, su ɗauki ma'anar farko, su rufe. Da kalma irin cleave wannan gaggawar za ta kai ka ta baro, domin kalmar tana nufin tsaga abu gida biyu, kamar faskara itace da gatari, tana kuma nufin manne wa abu a ƙi rabuwa da shi. Dalili kuwa, kalmomi biyu ne daban a tsohon Ingilishi, cleofan da clifian, da tafiya ta yi nisa suka koma rubutu ɗaya.

Da farko ka karanta bayanin kalmar har ƙasa. Wasu ƙamusoshi ma sun raba ta gida biyu, kowace da lambarta. Ni ban yarda ɗalibi ya dogara da Google Translate a nan ba, yakan ba ka amsa ɗaya ne ya yi shiru. Ka nemi ƙamus na masu koyon Ingilishi, ko tsoho ne daga masu sayar da littattafai a bakin titi, ya wadatar kuma ya fi sabo araha.

Sai babban aikin, inda akasari ake tuntuɓe: dubi ƙaramar kalmar da ta biyo baya. Idan ka ga cleave to, mannewa ake nufi, mutum ya riƙe aƙidarsa ko matarsa gam. Idan kuwa sunan abu ya biyo kai tsaye, ko ka ga through ko in two, to tsagawa ce. Ɗalibai sukan tsallake waɗannan ƙananan kalmomi suna ganin ba su da amfani, alhali a jikinsu amsar take. Ka ja musu layi da biro kafin ka dubi zaɓin amsoshi, kada ka yi ƙyuya.

Daga nan ka lura da siffar kalmar. Cleft da cloven na ɓangaren tsagawa ne: cloven hoof kofato ne mai rabe biyu irin na akuya da saniya, cleaver kuma babbar wuƙar da mahauta ke sara ƙashi da ita. Cleaved kuwa tana shiga ma'anonin biyu, ita sai ka koma ga abin da ya biyo ta.

A ƙarshe ka rubuta jimla biyu da kanka, ɗaya ga kowace ma'ana, ka kai wa malaminka ya duba.