Dokar fashin makaranta a Ingila: abin da ya kamata sabon zuwa ya sani

A gida idan yaro ya yi fashin makaranta, shi ke shan bulala, iyaka a aika wa uban ya zo a yi magana. A Ingila kuwa iyaye doka take bi. Dokar Ilimi ta 1996 ta ɗora musu alhakin ganin yaro yana samun karatu, tun daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5 har ƙarshen watan Yuni na shekarar karatun da zai cika 16. Ko da yaron ne ya sa kayan makaranta ya zarce yawo ba da saninku ba, wasiƙar da sunanku za ta iso.

Sau biyu ake kiran suna a rana, da safe da kuma bayan hutun rana, kowane kira lissafinsa daban. Tun daga watan Agusta na 2024, idan yaro ya rasa kira 10 ba da izini ba a cikin mako 10 na karatu, wato kwana biyar ke nan, dole makaranta ta duba yiwuwar cin tara. Makara ma tana shiga ciki. Yaron da ya iso bayan an rufe rajistar safe, ba tare da uzuri ba, ana rubuta shi a matsayin wanda bai zo ba, ko da ya wuni a aji. Wannan na yawan kama masu aikin dare, waɗanda ke dawowa da asuba a gajiye, barci ya kwashe su.

Tarar fam 80 ce idan aka biya cikin kwana 21, ta koma 160 idan aka wuce haka, a biya cikin kwana 28. Kuma kan kowane mahaifi ne, a kan kowane yaro. Mata da miji masu 'ya'ya uku takarda shida za su karɓa, fam 480, in sun yi jinkiri 960. Karo na biyu cikin shekara uku babu rangwame, 160 ce kai tsaye. Karo na uku ba a ma ba da takardar tara, ana iya wucewa kotu, inda hukunci kan kai fam 2,500 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya san ɗansa ba ya zuwa ya kuma ƙyale. Sabon zuwa da ke jiran sabunta takardun zama ba ya bukatar hukuncin kotu a kan sunansa.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne tafiya gida. Kuɗin jirgi na yin sauƙi lokacin da ake karatu, ga bikin ƙanwa, ga tsohuwa tana ta cigiyar jikokin da ba ta taɓa gani ba. Na san nauyin wannan a zuciya, amma shugaban makaranta ne kaɗai ke da ikon ba da izini, kuma sai da babban dalili. Arhar tikiti ba ta cikin dalilan. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a kan wani uba da ya kai 'yarsa yawon hutu Amurka, yana kafa hujja da cewa sauran kwanaki ba ta fashi. Kotu ta ce zuwa a kai a kai na nufin zuwa duk ranar da makaranta ta ce a zo. Don haka ku rubuta neman izini kafin ku sayi tikiti. Idan rasuwa ce, ku faɗa musu ranar tafiya da ranar dawowa, ku kuma cika alkawari, domin doguwar tafiya ba labari tana iya sa a cire sunan yaro, ku dawo ku tarar an ba wani gurbinsa.

Ranar Sallah doka ta amince da ita a matsayin ranar ibada, sai dai ku sanar tun da wuri, kuma ranar idin ake nufi, ban da kwanakin yawon Sallah. Rashin lafiya ma uzuri ne, amma ku buga waya ofishin makaranta da safiyar ranar farko.

Idan kuwa yaro ya fara ƙin zuwa, kullum ciwon ciki da safe, yana ɓoye takalminsa, kada ku tsaya ga faɗa kawai. Sau da yawa tsangwama ce, ko Turancin aji ya yi masa nauyi. Ku nemi ganin malamin ajinsa ko jami'in da ke kula da halarta, ku roƙi tafinta in akwai bukata. Tsarin ya tanadi a fara da taimaka wa iyali kafin a kai ga tara, kuma iyayen da suka zo da kansu ana sauraronsu.

Waɗannan alƙaluma na Ingila ne kawai. Wanda ya sauka a Sikotland ko Jamus ko wata jiha a Amurka, ya tambayi makarantar ɗansa ƙa'idarsu tun ranar da ya kai shi rajista.