Yadda ake ɗaura peruk mai leshi a goshi ya zauna kamar gashin kai

Abu uku ne ke tona asirin peruk tun daga nesa: layin gaba da ya miƙe sak kuma ya cika gashi, baƙaƙen ɗigo a kan leshi (siririyar ragar da ke gaban peruk), da gam mai ƙyalli a goshi. Biyun farko ana maganinsu tun peruk bai hau kai ba, shi ya sa rabin aikin ake yin sa kwana ɗaya kafin ranar biki ko suna.

Idan za ki saya a Babbar Kasuwar Yamai ko Wadata, ki fara auna kanki. Matsakaicin peruk yana zagaye santimita 56 zuwa 57. Wanda ya yi miki yawa zai tattare a ƙeya, wanda ya matse zai riƙa janye leshin baya har gam ya saki. Lambar 13x4 ko 13x6 da ke jikin leda girman leshin ne a inci: kusan santimita 33 daga kunne zuwa kunne, zurfinsa kuma 10 ko 15. Mai son doguwar tsaga a tsakiya ta ɗauki 13x6. Leshin HD ya fi ɓacewa a fata amma saurin yagewa gare shi, sabon hannu gara ta fara da wanda ya ɗan fi kauri. Cikar gashi 150% ta wadatar. Mai 180% ko 200% nauyi ne da zufa kawai a garinmu.

Baƙaƙen ɗigon nan ƙulli ne, inda aka ɗaure kowane sili a raga. Ana kodar da su da garin dekoloran (hodar kodar da launin gashi) da oksidan (ruwan da ake dama ta da shi) mai lamba 20, a dama su da kauri kamar man goge baki, a juya peruk a ɗora a cikin leshin da bayan cokali ba tare da dannawa ba. Idan haɗin ya yi ruwa zai ratsa raga ya mayar da tushen gashin ja. Minti 15 zuwa 20, ana leƙawa, da ƙullin ya koma ruwan zuma a wanke da shamfu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana sa maganin ya ci da wuri, kada ki tafi wani aiki ki bar shi. Idan ya wuce lokaci ƙullin ya yi rauni, gashin ya dinga zuba. Wannan na gashin mutum ne kaɗai. Na roba ba ya kodewa, hoda mai launin fatarki za ki shafa masa ta ciki.

Sai rage gashin gaba. Ki kafa peruk a kan gunkin kai, ki jiƙa gaban, ki ware siririn layi na farko ki bar shi, ki fara cira da matsefata daga bayansa, sili ɗaya ko biyu, kina canza wuri. Wajen saje ya fi son ragi fiye da tsakiya. Kowane minti kaɗan ki taje shi baya ki duba, don wanda aka cire ba ya dawowa, kuma tsayawa wuri guda shi ke haifar da sanƙo a peruk.

Ranar ɗaurawa, gashinki ya zama wankakke, busasshe, an yi masa ƙananan kitso a kwance daga goshi zuwa ƙeya. Manyan kitso su ke sa kai ya yi tudu. Ki sa hular safa mai launin fata, ki jawo ta ta wuce bakin gashinki, ki huda wajen kunnuwa, ki fesa feshin riƙe gashi na Got2b Glued a gaban ki busar, sannan ki yanke rarar hular. Ki shafa mata hoda.

Yanzu goshi. Mai da zufa ne manyan abokan gabar gam. Ki goge wurin da auduga da alkol mai lamba 70 na farmasi har audugar ta daina ɗauko datti, kuma ranar kada man shafawa ya kusanci wurin. Wadda ba ta taɓa amfani da gam ba ta ɗiga kaɗan a bayan kunne ta jira awa 24. In ya yi ƙaiƙayi ko ja, ta haƙura da shi. Gam ɗin leshi irin su Ghost Bond ko Bold Hold ake nufi. Baƙin gam na manna jeren gashi da gam ɗin gyaran takalmi ba su da hurumi a fatar mutum.

Ki ɗora peruk ki daidaita tsaga da karan hanci, ki yanke leshin da ya rufe kunnuwa, ki tsaga na gaba gida uku, ki naɗe shi baya. Gam ana shafa shi a fata, ɗan gaba da bakin gashinki, faɗin da bai wuce santimita ɗaya ba. In ya hau gashinki, ranar cirewa da shi zai tafi, kuma gefen goshin da ya saba cin wannan wahala yakan daina tsirowa. Shafi siriri, a jira ya tashi daga fari ya koma garau, sannan na biyu. Biyu sun isa a hunturu, uku a bazara. Nan ne aka fi yin kuskure: a lafta shi da kauri ko a ɗora leshi yana fari, sai ya ɓullo ta raga ya kama gashi, ƙurar gari ta manne ta bar baƙin layi. Na'urar busar da gashi a kan iska mai sanyi take taimakawa. In an ɗauke wuta, mafici ma ya yi, haƙuri kawai yake so.

Ki sauke tsakiya tukuna, sannan gefe da gefe, kina dannawa da haƙoran mataji. Yatsa yana da maiƙo. Ki ɗaure da faffaɗan roba minti 10 zuwa 15. Bayan kin kwance ki yanke rarar leshi da ƙaramin almakashi ko rezar gira, hannu yana ɗan karkacewa, domin ido yana saurin kama miƙaƙƙen layi. Inda bakin leshin ya ɗaga, ɗan feshi a bakin mataji, a danna, a sake ɗaurewa minti biyar. Hoda kaɗan a tsaga, matajin wuta a kwantar da saman in gashin mutum ne. Ƙananan gashin goshi kuwa ki yi su kaɗan, sirara; masu kauri da aka nannaɗe har gira su ne ke fara shelar cewa peruk ne.

A zafin da ke haura digiri 40, ga kallabi ko hijabi a sama, kada ki sa ran gam ya wuce kwana huɗu ko biyar da kyau, kuma ko ya riƙe bai kamata ya haura mako biyu ba, fatar kai tana son wanki. Akwai kuma maganar alwala da wanka, inda ake son hannu da ruwa su kai ga kai. Saboda haka mata da yawa suke barin gam gaba ɗaya: a ɗinka faffaɗan roba a cikin peruk daga kunne zuwa kunne, a riƙe gaban da feshi kaɗai, wanda ruwa ke narkarwa nan take. Don fita ta yini ɗaya wannan hanyar ta fi, kuma ta fi tausayin gashin goshi.

Wajen cirewa ki jiƙa bakin leshin da maganin cire gam irin C-22, ko man zaitun in babu, ki jira minti biyar har ya saki da kansa. Inda ya ƙi, ƙara mai za ki yi, kada ki ja. Ragowar gam ɗin da ke raga a goge shi da alkol da tsohon buroshin haƙori, a wanke peruk a shanya a inuwa, ki bar kanki ya sha iska kwana ɗaya ko biyu kafin ki mayar.