Matatar waje a ƙaramin akwatin kifi

Jama'a, mai akwatin kifi na lita 40 zuwa 60 zai iya sa matatar waje, wato na'urar tace ruwa da ake ajiyewa a wajen akwatin, kuma ni na fi son ta, don ba ta cinye wa kifi wuri. Sai dai a kula da ƙarfin ruwan. Wadda ke juya ruwan akwatin sau 4 zuwa 6 a awa ta wadatar. In kun ga kifi na ta fama da igiyar ruwa, ko ya maƙale a lungu ya ƙi fitowa, to ta yi ƙarfi. A rage ta wajen tiyon da ruwa ke fita, a karkata bakinsa ya fuskanci gilashi. Bakin da ke zuƙo ruwa kuwa a sa masa soso, kada ya haɗiye 'ya'yan kifi.

Wajen wanki ne ake yawan yin ɓarna. Don Allah kada a wanke soson cikin matatar da ruwan famfo, sinadarin kilorin da ke cikin ruwan na kashe ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi. A ɗebi ruwan akwatin a bokiti, a matse soson a ciki a hankali, shi ke nan.

In wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa, a zubar da ruwan da ya kwanta cikin matatar kafin a sake kunnawa.